Baƙuwar Kawu Ilu

Kawu Ilu ya dawo daga Mambila da abu uku:
tarin da bai sake shi ba har kushewa,
takardar sallama daga gonar shayi,
da ɗan tsiro a gwangwanin madara
da ya riƙo a cinya, kwana biyu a mota,
kamar mai kai jinjiri asibiti.

Fagam ta fito kallo.
Inna Tabawa ta murza ganyen, ta shinshina.
"Ana miya da shi?" A'a.
"Yana maganin shawara?" A'a.
"Akuya fa?" Ya ce kada ma ta kusance shi.
Ta karkaɗe zani ta ce,
"To, mun yi baƙuwar da ba ta daka, ba ta surfe."
Sunan ya zauna.

Na gaskiyar, kawu bai riƙe ba.
Wani malamin daji ya taɓa faɗa masa,
dogo kamar igiyar guga,
ya zube a hanya tun kafin Jalingo.
Abin da ya sani, a kan dutse take fita,
can inda girgije ke saukowa ya kwanta a ciyawa,
inda ake jin ɗumi a watan da mu muke kwana waje.

Ruwan rijiyarmu bai karɓe ta ba.
Ganye ya yi rawaya, kawu ya ce kanwa ce.
Sai ya girke randa a ƙarƙashin indararo,
ya rufe da faifai, ya ɗora dutse.
Mu mu sha na ƙasa,
ita ta sha na sama.
Ya kwaso ruɓaɓɓen ganye daga gindin kanya,
ya yi mata rumfar zana a bayan rumbu.
Da bazara yakan jiƙa buhu ya rataya,
ya zauna yana yi mata fifita,
gumi na bin gemunsa.
Mutane suka ce sanyin dutse ya taɓa shi.

Damina ta huɗu, wata Talata cikin marka,
ya tashe ni kafin ladan.
Ya haska tocila.

Ƙananan ƙararrawa, farare,
bakinsu da ɗan ja kamar an dangwala lalle,
duk sun sunkuyar da kai.
Na ƙirga goma sha ɗaya.
Da rana ta fito zuma suka zo,
suka yi ta kewaye, ba su gane ƙofar ba.

Kawu ya durƙusa, ya kai hanci, ya daɗe.
"Haka safiya take a can," ya ce.
Shekara goma sha tara ya yi a kan dutsen nan,
iyakar labarin da ya ba mu ke nan.

Inna Tabawa ta zo da muciya a hannu.
Ta duba, ta sake dubawa.
"Ashe dai," ta ce,
ta koma, tuwo ya kama.

Kawu ya rasu da kaka.
Randar ta ƙafe kafin Afrilu,
baƙuwa ta bi mai masaukinta.

Ƙiraren suna nan a bayan rumbu.
Ranar da itace ya jiƙe, na miƙa hannu,
Inna ta ce, "Bar su."
Muka ci gāri da ƙuli a daren.

Har yau, in hadari ya haɗo daga gabas,
ita ke fara tura randar ƙarƙashin indararo.
Ban taɓa tambayarta wa za a shayar ba.