Ragowar Fenti

A ƙarƙashin matattakalar gidanmu a Nottingham
akwai gwangwanaye bakwai da suka ƙi mutuwa.
Duk shekara Asabe ta ce in zubar,
duk shekara in ce, "Bar su, ba ci suke ba, ba sha."

Sai ga Nafi'u daga shagon 'yan wasan yaƙi
da 'yar kwalba, ba ta kai babban yatsana ba.
Fam huɗu.
Na juya ta, na dubi katakon da ya kwantar a gareji,
ƙafa shida tsawo, huɗu faɗi,
na ce, "Yaro, da wannan za ka shafe duniya?
Albashina zai ƙare ba ka kai bakin kogi ba."

Muka ɓalle murfi da gindin cokali.
Na farko ya yi fata kamar kunun da ya kwana;
muka yaye, muka dama, muka sirka da ruwa.
Ruwan ƙasa ne, na falo,
na shekarar da muka tare ba labule.
Ya shige yashin da yaron ya manne da gam,
ya zama fili.
Ruwan tokar katangar baya ya hau tsaunukan soso.

Mista Hallam na maƙwabta ya leƙo da kofin shayinsa.
Ya ce, "Goge burushin a tsumma
har ka rantse ba komai a jikinsa,
sannan ka bi kan dutsen a hankali."
Na bi, kamar kyanwa na lasar hannu,
sai ga tsagu, sai ga shekaru a jikin soso.

Shuɗin na ɗakin Nafi'u ne, tun yana ciki.
Da dare na shafa shi, bayan na ajiye bas,
ban san mace ce ko namiji ba.
Yanzu ya kwanta tsakanin gaɓa biyu,
an ɗora masa gadar tsinken ashana.

Na yi ɓarna, ba na musu.
Fentin ƙofa mai mai ne, na ɗiga wa wani tudu,
kafin shayi ya huce ya lotsa kamar burodin da aka taka.
"Ramin bam ne, Baba, bar shi."
Na kuma ɗauki soja guda na tsoma masa burushina,
idonsa da bakinsa suka tafi tare.
Ashe fentin bango na ƙasa ne da dutse;
fuskar mutum sai 'yar kwalbar nan ta fam huɗu.

Da aka zo kan ƙonannen gida,
yaron ya labta baƙi daga sama har ƙasa.
Na riƙe hannunsa.
"Ba haka wuta take cin gida ba.
Hayaƙi ta taga yake fita, ya lashi bango ya yi sama.
Daga ƙasa launin masu gidan yana nan,
har da layin fensir inda suke awon tsayin yara."
Ya ce, "A ina ka sani?"
Na tafi famfo wanke burushi.
Na daɗe ina wankewa.

Ran Asabar su huɗu suka kewaye katakon
da ma'auni da 'yan ƙwayoyin jefawa.
Wanda ya faɗi a gada, a kwantar da shi a gwangwanin biskit,
mako mai zuwa ya tashi da bindigarsa.
Sojana mara fuska suka sa gadi a bakin kogi,
har yau ba wanda ya harbe shi.

Asabe ta shigo da faranti, ta tsaya, ta sunkuya.
"Wannan gonar alkama," ta ce,
"ba rawayan kicin ɗina ba ne?"
Saura gwangwani uku a ƙarƙashin matattakala.
Jiya na ji ta tana ce wa mai kwashe shara
kada ya taɓa su.