Belbelar Tasalla

A Mai Wurno, bayan La'asar,
in inuwar darbejiya ta kai gindin randa,
nakan fito da kakata tsakar gida,
in zaunar da ita bakin gadon igiya,
in naɗe mata hannun riga ta sha iska.
Ga ta nan a damtsen hagu,
'yar tsuntsuwa, baƙinta ya koma shuɗi,
ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba.

Tasalla ta manta sunana tun bara.
Yau ni ce Kande ƙanwarta,
gobe ni ce mai kawo gawayi.
Amma taɓa tsuntsuwar nan ka sha labari
tiryan-tiryan, ko wasali ba ya zuba.

Shekarar da suka je cirar auduga Jazira,
tana 'yar sha biyar, ƙaya ta cinye mata yatsu,
ta ƙulle ladan kwana tara a bakin zane.
Ba ta sayi awarwaro ba, ba ta sayi turare ba,
ta nufi rumfar Shekarau wanzami.
Ya zazzage zabira, ya lissafa abin da ya iya:
ga kalangu, ga 'yan baka, ga bille.
Ta ce, "Na fuskata na dangi ne,
an tsaga min tun ban san kaina ba.
Ni belbela nake so,
wadda na gani da asuba a bakin ƙorama
tsaye kan ƙafa ɗaya,
ba ta cirar wa kowa auduga."
Shekarau ya yi dariya har da riƙe ciki.
"Belbela fara ce, yarinya,
ni kuwa baƙin tukunya ne jarina."
Ta ce, "Yi min baƙa. Ni na san fara ce."

Ta ciji gefen mayafi, aska na tafiya,
ɗigo, ɗigo, kamar mai shuka riɗi.
Jini ya fito, aka goge, aka cusa baƙi.
Uwarta ta yi mako ba ta amsa gaisuwarta ba.
Daga baya malamai suka ce jarfa ba ta halatta,
ta ji, ta ja carbi, ta nemi gafara,
sai dai ban taɓa ganin ta wanke wurin da fushi ba.

Ni ma da zane nake cin abinci.
Amare kan zo daga Sinnar, har daga Madani,
su miƙo min waya, ga irin wanda muke so,
in ja musu fure daga farce zuwa gwiwar hannu.
Mako biyu, wanki da wanke-wanke sun cinye shi.
Nakan ce gara haka, ba mai kwana da da-na-sani.
Nakan faɗa, in kuma saci kallon damtsen nan.

Belbelar ta tsufa tare da mai ita.
Wuya ya lanƙwashe, ƙafa ta shige cikin tamoji,
shekara saba'in tana tsaye, ba ta sauya ƙafa ba.
Ta ga haihuwa takwas, ta ga jana'iza biyar,
ta ga shekarar da kogi ya shigo har madafa.
In Tasalla ta ɗaga finjalin gahawa
sai fata ta motsa,
ka rantse fiffike za ta buɗe.

Jiya lalle ya yi saura a leda.
Na zauna kusa da ita, na zana tawa a hagu,
da dama, ina leƙe ta kafaɗa.
Ta kamo hannuna, ta kai shi dab da ido,
ta daɗe tana dubawa,
ta kwatanta da tata, ta girgiza kai.
"Shekarau ya tsufa," in ji ta,
"hannunsa ya fara rawa.
Kande, kin dai biya shi?"

Na ce na biya.
Ta ce, "To kar ki bari ruwa ya taɓa."