Awon Ƙafa a Panteka

Kafin in kunna injin walda
sai na ce wa mai babur ya sauko da yaron,
ya taka min kwalin nan.
Da alli nake zagaya ƙafar,
daga babban yatsa har dunduniya,
yaro na ta dariya, wai cakulkuli nake masa.
Kwalayen suna rataye a ƙusa bayan ƙyaure,
sun haura ɗari, ban taɓa ƙona ko ɗaya ba.

Na can ƙasansu na Hansatu ne,
'yar ƙanena Sallau, tana shekara shida.
Ranar wata Laraba aka tashi daga makaranta,
ya goyo ta, ƙafarta ba ta kai mataki ba,
tana lilo da ita, tana ba shi labarin malamar lissafi.
Daidai gangaren Tudun Wada
silifa ta fara shiga wayoyin taya,
dunduniya ta bi sawu.
Sallau ya ce shi dai ya ji babur ya yi nauyi
kamar an aza masa buhun masara.
Ɗinki goma sha huɗu.
Likita ya nuna mana da bakin farcensa
abin da ya rage agara ta tsinke.

Shekara ashirin ina ƙera ƙofofi da tagogi
don kada ɓarawo ya shiga gidan mutane,
ban taɓa sunkuyawa na dubi wannan kafa ba,
tsakanin mataki da taya,
faɗinta yatsa huɗu kacal.

Na yanko ƙarfe na lanƙwasa shi kamar akushi,
ƙafa ta zauna ciki daram, gaba da baya a rufe.
Na yi alfahari da shi, har fenti na shafa masa.
Jatau mai kai kifi Kakuri ya saya wa ɗansa.
Da damina ta kankama, taɓon Rigasa ya kwashe su,
babur ya kwanta, uba ya mirgina gefe,
ɗa ya ja ƙafa, akushina ya ƙi saki.
Targaɗe ne, Allah ya taƙaita.
Jatau bai zage ni ba.
Ya ajiye ƙarfen a kan teburina, da taɓonsa,
ya ce, Malam Ilu, garin neman gira
ka kusa raba mu da ido.

Kwana uku ƙarfen na kallona.

Sai na sa zarto na yanke ɓangaren waje,
na bar bango ta wajen taya kaɗai,
raga mai ƙananan idanu, ko ɗan yatsan jariri ba ya shiga.
Na huda ƙasan don laka ta zube,
na goge kowane baki har ya daina kama zare.
Na kwantar da babur a ƙasa, na cusa ƙafata,
da takalmi, da silifa, sannan ba komai,
na zare, na mayar, na zare,
maƙwabta na cewa Ilu ya fara taɓuwa.

Har yau wasu na taya shi kamar tumatir.
Wani ya ce yana ɓata wa babur kyau.
Ba na musu. Ina miƙa masa kwalin Hansatu,
inda allin ya karkace wajen dunduniya
saboda bandejin da ke kai ranar.

Jiya ta biyo ta shago da jakar sakandare,
ta cire takalmi ta taka kwalinta don tsokana.
Ƙafar ta rufe zanen gaba ɗaya.
Tabon na nan, fari, kamar bakin walda.
Ta ce, Baffa, ba ni kuɗin mota.
Na ba ta, na koma kan na gaba,
wani yaro daga Unguwar Mu'azu, ƙafarsa duk ƙura.