Tasha ta Bakwai

Uwar oba-oba ce, na tsinto a gwanjon kamfanin auduga,
nan Garwa, zanzaro ya yi gini a cikinta.
Shekara ashirin ba ta san wani zance ba
sai "motar Gidar ta tashi," "sikeli ya lalace."

Na jona waya, na shiga ƙwaƙwalwarta,
ina goge tashoshi,
ina sauko da zangonta wajen namu, 'yan sha'awa.
Kwana uku tana tsaki.

Daren Laraba na girke ta bisa dutse.
Hamajoda ya amsa daga Lagdo:
"Tar nake jinka, kamar kana cikin kwalekwalena."

Ta bakwai kaɗai ban taɓa ba.
Nan Baba ke kira in ya tsallako Binuwai,
a ce wa Inna ta ɗora ruwan wanka.