Ɗakin da Ke Bayan Alƙali

A kotun Garwa akwai wani ɗaki
da babu mai ƙarar da ya san ƙofarsa.
Taga ɗaya, fanka mai tari,
kabad uku da gara ta riga ni karantawa.
Nan nake. Sunana Jaratu Hamajam.
Ba na sa baƙar riga, ba a miƙe mini in na shigo.

Shekara huɗu a Ngaundare ina haddar doka,
sanyin tudu na cin yatsuna,
biyu a Yawunde, ina haɗa burodi da bashi.
Takardun shaidar suna akwatin Inna,
ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla.
Ran da na zo neman aiki, alƙali bai tambaye su ba.
Fayil ya turo mini mai kaurin tubali, ya ce,
"Gaya mini abin da babu a ciki."
Na kwana biyu a kansa.
Na ce, "Ranka ya daɗe, babu ranar da aka kai sammaci."
Ya nuna mini kujera da haɓa.

Wannan makon gonar masakwa ce a bakin Binuwai.
Sali Bakari ya ce ta kakansa ce.
Gwaggo Tumba ta ce mijinta ya ba da bijimi biyu a kanta
shekarar da aka tare ruwa a Lagdo.
Iyaka? Kowa ya ce tsamiya.
Tsamiyar kuwa kogi ya tafi da ita
tun ban iya ɗaura kallabi ba.

Shaidu sun yi magana da Fulatanci,
tafinta ya juya, magatakarda ya rubuta da Faransanci,
ni kuma da dare nakan sake auna ta da Hausa
in ga me ya zube a hanya,
kamar mai bin sawun buhun da ya huje.
Kalma ɗaya ce ta zube.
Tsohon da ya ga an ja bijiman jingina ya ce.
Takarda ta ce ciniki.

Wallahi na so in bar ta inda ta faɗi.
Na ga tafin hannun Gwaggo ta tagar nan,
na ga yadda take ƙirga kuɗin babur a bakin zane.
Amma ba a ɗauke ni don in so ba.
Wanda aka aika rijiya ba ya zaɓar wa gida ruwa,
abin da guga ya kawo shi zai kai.

Na ci gaba da tono duk da haka.
Wuta ta ɗauke, na kunna fitilar waya,
na bi hukunce-hukuncen mutanen da suka riga mu kwanciya,
shafi na karyewa a hannu kamar busasshen ganyen kuka,
har na iske wani da ya taɓa tsayawa inda na tsaya:
mai karɓar gona ya fara mayar da abin da aka ba kakansa,
kuma wanda ya dasa shi ke girbe.
Na rubuta shafi bakwai. Alƙali ya soke uku,
ya gyara waƙafi, ya ce in rage zafi a sakin layi na ƙarshe.
Gaskiyarsa.

Ran Laraba na ji maganata ta bango
cikin muryar namiji, da tari a tsakiya.
Ba ta dawo mini da sunana ba, ban kuma jira ba.

Da azahar na fito wanke tawada a famfo.
Ga Gwaggo tana kurkure baki.
Gona ta tafi, bijimi biyu na zuwa, masakwar bana tata ce.
Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ke ma ƙara kika kawo?"
Na ce a'a, Gwaggo, aiki nake a nan.
Ta ce, "To Allah ya ba ki na kirki,"
ta miƙo mini ɓarin goro.

Yana nan kan fayil na gaba. Ban ci ba tukuna.