Dutsen Awo

Ran Talata suka zo da fenti da waya,
mutum uku daga Dutse, ɗaya da tabarau.
Suka ja igiya, suka auna tsawonsa da faɗinsa,
shi da ya tsufa yana auna mutane.

Suka kafa allo: kayan tarihi ne,
kada a taɓa, kada a hau, kada a zauna.
Ni Cindo, jikan Barmo ma'auni,
aka ba ni makulli da ɗan abin goro
in tsare wa Kukar Jatau dutsenta
daga mutanen Kukar Jatau.

A kansa akwai rami, sassaƙar mutanen da,
mudu guda cif, ba tozo.
In ƙwaryar wani ta ƙaryata ta wani
nan ake juye gero, dutse ya yanke hukunci.
Nan asirin Jibo ya tonu,
mai bubbuga gindin kwano da dare.
Nan sankira ke hawa ya dafe kunne:
jar akuya ta ɓata, gayya jibi, an ga wata.
Nan Ladidi mai daddawa ta jingina
da naƙuda ta tarar da ita tsakar ciniki.
Ɗan nata yanzu tifa yake ja a Haɗeja,
ya yi furfura.

Kasuwar kuwa ta bi kwalta,
ta tare inda motocin Maigatari ke tsayawa.
Can tiya iri uku ce:
ta saye, ta sayarwa, da ta baƙo.
Nan tafasa ta cinye gurbin rumfuna,
ƙadangare ke shan hantsi a mazaunin kakana.

Jiya bayan la'asar Tabawa ta zo,
tana dogara kara, dawa a bakin zane.
Ta ce, Cindo, mudu na biya,
amma hannuna bai yarda da nauyin nan ba.

Na dubi allo. Na dubi hanya.
Makulli ya yi gumi a tafina.

Ta share ramin da gefen mayafi,
ta zuba a hankali, kamar mai ba jinjiri ruwa.
Saura tafi guda bai kai baki ba.

Ta ce, dama na sani, so nake in ji daga gare shi.
Ta kwashe abinta, ta bar ƙwaya bakwai ko takwas.
Na mayar da kwaɗo na kulle.
Kurciya ba ta iya karatu ba,
ta bi ta saman waya.