Reshen Cediya a Ojota

Kafin mai faci ya buɗe rumfa,
kafin danfo su fara kiran Oshodi,
na wasa wuƙata a bakin kwalbati.
Yanka ɗaya ake yi, a karkace,
ƙasa da ido kaɗan.
In ka sake, ka ji wa reshe ciwo a banza.

Haka Sallau ya koya mini
shekarar da na sauko daga motar albasa
da buhu guda da tari a ƙirji.
Ya ce, bar ganye uku, tsige saura,
wanda bai yi saiwa ba
ba ya ɗaukar nauyin iyali.

Ledojin fiya-wata nake tsinta a gefen titi,
in huda gindinsu da ƙusa,
in cika da baƙar ƙasa
da garin katakon Ebute Metta.
A gida ƙishirwa ke kashe dashe.
Nan kuwa ruwa ne.
Bakwai na kafa a daminar farko,
biyar suka ruɓe,
ɓawonsu na saɓulewa kamar dafaffen rogo.
Na zauna kan bulo, na ƙi cin abinci.
Sallau bai ce komai ba,
sai ya miƙo mini wuƙar.

Iya Mulika mai gasa masara
ta taɓa kawo mini karan shuwaka,
ita ewuro take ce mata.
Na soka a tsohuwar taya.
Yau ba ta sayen ganyen miya,
ni ma na manta kuɗin masara.

Cediyar nan da muke sallah a ƙarƙashinta
sanda ce Sallau ya taho da ita daga Ɗanja,
a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma,
kwana biyu a bayan tirela.
Direba ya yi ta dariya:
wa ke kai icce Ikko?

Bara Sallau ya koma, ƙafa ta kumbura.
Ranar Talata wasu suka zo da jan fenti
suka yi gicciye a jikinta.
Za a faɗaɗa hanya.

Ban yi musu ba, ba ni da takarda.
Na ari tsani wurin mai walda.
Farin ƙaro ya manne mini yatsu
har na kasa ƙirga tasbaha.
Arba'in da ɗaya na yanko.

Goma na masallacin Agege,
uku na Iya Mulika,
ɗaya za ta bi motar albasa in ta juya,
ko Sallau zai gane ta.
Sauran suna nan a jere, a inuwar gada.

Kullum da safe ɗiyata Hansai
sai ta tsuguna tana so ta ciro ɗaya
ta ga ko ya kama.
Ina riƙe hannunta.
Ba a dubawa, Hansai.
Sati uku ne, ko huɗu.
Kawo butar nan, amma kaɗan.